Kunnen Motar Alhaji Garba

Duk ranar da malami ya tambayi sana'ar gidajenmu, na ce mu ɗinkin kujerun mota muke yi da rigar dashbod, sai 'yan ajinmu su ɗauka abin wasa ne. Asabe ta taɓa cewa wannan ai ko ƙanwarta za ta iya, shimfiɗa kafet ne kawai a bi shi da almakashi. Ni baki ba ya yi mini sauri a cikin mutane. Hannu ya fi yi mini sauri, shi ya sa na zauna na rubuta wannan saboda ita da masu irin tunaninta.

Shagonmu zauren gidanmu ne a Birnin Kudu, bakin titin da motocin Gwaram ke bi. Baba, wato Malam Idi mai kujera, ya faɗaɗa ƙofar zauren tun kafin a haife ni, ya kafa rumfar kwano a gaba, daidai inda mota ɗaya za ta fake. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake cewa. Direbobi suka ɗauka, har masu furfura sukan leƙo su ce, Inna ana aiki?

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai baƙin keken ɗinki mai ƙafa, wanda ba ya son a matsa masa idan ya hau kan leda ninki uku, sai an taimaka masa da hannu. Akwai almakashi biyu, babba na kafet da ƙarami na leda, kuma duk wanda ya yanka takarda da ƙaramin ya ja wa kansa faɗan yini. Akwai lanƙwasasshiyar basilla ta ɗinke bayan kujera, da alli, da gwangwanin gam wanda idan aka bar shi a buɗe aka tafi salla, sai a dawo a tarar ya zama danƙo. Sai wani maganaɗisu da Baba ya cire daga tsohuwar sifika ya ɗaure da igiya. Da shi na fara koyon sana'a, ina jan sa a ƙasa yana tsince allurai, tun ina firamare.

Daga nan aka ƙara mini matsayi zuwa fere tsohon soso. Kujerar farko da na warware ta wata motar haya ce mai zuwa Basirka. Na fitar da ƙwallayen dabino, da ɓawon gyaɗa, da busasshen goro, da ɗan kunne guda, da gero wanda har ya fara tsiro a lungun da ruwa ke ɗiga. Baba ya ce kada in yi saurin zubar da soson, in fara duba shi, domin kujera tana faɗin halin mai zamanta. Wanda ke faɗowa cikin mota kamar buhu, gefen ƙofa ne ke mutuwa. Wanda ke tuƙi a karkace yana hira da fasinja, gefen dama ne ke lotsawa. Idan ka sa sabon soso bai ɗaya ba ka lura da wannan ba, direba zai dawo ya ce kujerar tana cizon bayansa, kuma gaskiyarsa.

Amma aikin da ya zama nawa na kaina shi ne ɗaukar awon dashbod, wato allon nan na gaban direba. Ranar garinmu tana fasa shi kamar ƙasar fadama da rani, don haka kowa yana son a yi masa riga ta kafet, da geza ja ko ruwan gwal a baki. Babu dashbod biyu iri ɗaya. Takardar buhun siminti nake warewa in goge, in shimfiɗa, in bi ta da yatsa ina dannawa har kowane tudu da kwari ya fito, sannan in zana da alli. Wurin da iska ke fitowa ta bugi gilashi ne kaɗai muke hudawa. Saura duk rufewa muke yi sumul, domin direba yana son wurin ajiye carbi da turare da hula. Haka Baba ya koya a wajen maigidansa, kuma a tsofaffin motoci babu abin da ke saman nan da zai damu da an rufe shi.

Shekarar da mai ya yi tsada, direbobi suka jingine motoci a gindin bishiya. Wanda ya fita ma, abin da ya samu na tanki ne, kujera kuwa ko waya ta fito tana tsikarin fasinja sai a ɗora kwali. Muka koma ɗinkin sirdin babur na mutanen Sundimina da Yalwan Damai, har da akumarin jaki Baba ya ɗinka da guntayen leda. Wani makiyayi ya sa aka yi wa jakinsa da geza, ya ce shi ma motarsa ke nan. Kafet kuwa ya yi ta kwana a jingine har ɓera ya yi gida a ciki. Sai da aka ci amfanin gona sau biyu sannan motoci suka fara dawowa, Baba ya yi ƙarfin hali ya sayo sabon kafet naɗi guda daga Kano, yana jiran gabatowar Salla, lokacin da kowane direba ke son motarsa ta yi kwalliya.

A wannan tsakanin ne, cikin zafin bazara, Alhaji Garba mai riɗi ya zo daga Gwaram da doguwar motarsa 'yar Kwatano, direbansa Ɗanlami yana ja. Alhaji mutum ne mai fara'a da babbar murya, kuma rabin motocin da ke ɗauko kaya daga kasuwannin wajen nasa suke ɗauka, don haka inda ya kai aikinsa nan direbobi ke kai nasu. Motar irin wadda ake saita mata lambar sanyi ce, ita kuma esin, wato na'urar sanyaya motar, ta riƙa ƙarawa da ragewa da kanta.

Da na shimfiɗa takarda, yatsana ya ci karo da wani ɗan tudu baƙi kusa da gilashi, kamar rabin ƙwallon magarya. Na zana masa da'ira na nuna wa Baba. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce ado ne, kafet zai hau kansa. Muna cikin haka Alhaji ya yafito Baba, ya rage murya iyakar iyawarsa, wato daidai yadda na bakin titi za su ji, ya nuna wata 'yar taga mai tsaga-tsaga a ƙasa da sitiyari, gefen gwiwar direba. Faɗinta bai wuce babban yatsa ba. Ya ce wannan ma a rufe masa ita, a liƙe da gam.

Baba ya tambayi dalili. Alhaji ya ce kunne ne. Wani abokinsa ya tabbatar masa Turawa suna sa wa sababbin motoci kunne, kuma shi ya ga alama: duk farashin riɗin da ya yanke a cikin motar nan, kafin ya isa kasuwa abokan hamayyarsa sun riga sun sani. Ɗanlami yana bayansa yana kallon sama. Daga baya ya gaya wa Baba cewa idan Alhaji yana waya gilashi a sauke, ko mutanen Basirka ba sa bukatar kunnen Bature.

Ni aka sa in share wurin kafin a shafa gam. Na lura da wani abu: ko'ina a gefen sitiyarin tsaf yake, amma tsagogin 'yar tagar nan cike suke da laushin ƙura da gashin tufa, kamar wanda ke taruwa a bayan fanka. Na goge da tsohon buroshin haƙori, Baba ya yanko leda ruwan toka ya liƙe, aikin ya yi kyau har ba a gane akwai wani abu a wurin. Alhaji ya ji daɗi, ya ce Inna ta iya awo.

Ba a daɗe ba labari ya fara dawo mana. Da farko fitilun motar ne suka ƙi mutuwa da rana tsaka, duk inda suka bi 'yan acaɓa suna yi musu nuni da hannu. Sannan esin ta rikice. Da hantsi, rana tana dukan gilashi, sai ta riƙa hura iska a kasalance Alhaji yana gumi. Da la'asar kuma, bayan gari ya fara sanyi, sai ta tashi haiƙan ta ƙi sassautawa, har mura ta kama shi. Aka kai wa Usaini rewaya, mai gyaran wutar mota a bayan tasha. Ya duba gas ya ga a cike, ya bi wayoyi bai ga wadda ta tsinke ba, ya ce shi dai abin da ya sani shi ne lafiyarta ƙalau kafin a sa mata riga.

Maganar nan ita ta shiga tasha, ta fito da ƙafafu. Aka ce rigar Malam Idi tana kashe esi. Wani direba wanda esin motarsa ta mutu tun kafin ta baro Kwatano ya ce shi ma yanzu ya gano abin da ya same shi. Biyu suka cire rigunan dashbod ɗinsu suka jefa a but ɗin mota. Waɗanda suka yi alkawarin kawo aikin Salla suka fara wucewa ta gaban rumfarmu suna kallon ɗaya gefen titin, aka ce wasu har sun tambayi hanyar wani shago a Dutse. Sabon kafet yana jingine, an yanki riga ɗaya tak a jikinsa. Sai saƙo ya zo cewa Alhaji zai kawo motar ranar Asabar a cire komai a gaban jama'a, kowa ya gani da idonsa.

Ranar Asabar babu makaranta, ina zaure. Suka iso da hantsi, fitilu a kunne, Alhaji da rawani a wuya yana jan hanci. Usaini ya biyo su da jakar kayan aikinsa, direbobin tasha kuma suka cika bakin rumfa, har mai shayin tsallake ya bar tukunyarsa ya matso. Baba ya ce a bar motar a rana, a bar injin yana aiki. Ya sa hannu ya ɗage rigar a hankali. Ba a jima ba wani yaro ya ce fitila ta mutu.

Usaini ya leƙa, ya ga ɗan tudun nan baƙi, ya ɗora babban yatsa a kai ya jira. Fitilu suka kama, ƙarar iskar esi ta ragu. Ya ɗauke, fitilu suka mutu, iska ta ƙaru. Ya maimaita har kowa ya gamsu. Ya ce to wannan ido ne, rana yake kallo. An rufe shi, motar ta ɗauka dare ne, ta kunna fitila, ta ga kuma babu dalilin wahalar da kanta da sanyi.

Gunaguni ya tashi daga baya. Baba ya cire hularsa ya mayar.

"Wannan namu ne, Alhaji," in ji shi. "Na ce ado ne, ashe ido ne. Uwata ta zana masa da'ira, ni na ce a wuce."

Wani direba ya ce ai dama an faɗa. Alhaji ya ce shi ba rigima ya zo yi ba, a ba shi dashbod ɗinsa tsirara ya tafi. Da an tashi a haka, da maganar tasha ta tabbata, kuma babu wanda zai ƙara yarda a ɗora wa motarsa kafet ɗinmu. Sai Ɗanlami ya ce shi bai gane ba: idan rufe ido ne ke sa ta kasala, me ke sa ta haukan sanyi da yamma? Usaini ya ce wannan kam bai sani ba.

Na ja hannun rigar Baba. Ya sunkuyo, na gaya masa maganar ƙurar da na goge a tsagogin nan, da cewa ƙura ba ta taruwa haka sai inda iska ke shiga. Ya dube ni, ya miƙe, ya ce Uwata tana so a ɓare ledar ƙasa.

Alhaji ya ce sam. Ya ce ido an gani, an yarda, amma kunne yana nan a matsayinsa na kunne. Aka yi ta lallashi, mai shayi ma ya sa baki. Daga ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi.

"Kowa ya kama bakinsa," ya ce. "Wanda ya ambaci riɗi a nan, ni da shi ne."

Baba ya sa bakin ƙaramin almakashi ya ɓanɓare ledar, ya kankare gam. Na zaro zare ɗaya daga gezar rigar, na tsuguna a gefen kujerar direba, na riƙe shi a gaban tagar. Zaren ya yi ɗan rawa, ya karkata, ya je ya manne a tsagogin. Na janye shi, ya sake komawa. Na miƙa wa Baba, shi ma ya gwada, sannan Usaini ya karɓa.

"Alhaji," Usaini ya ce, "kunne yana shaƙar iska?"

"Na Bature zai iya."

Aka yi dariya, har shi. Usaini ya ɗauko sukudireba ya ɓalle murfin wurin, ya haska da waya. Babu komai a ciki sai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero a kan siraran wayoyi biyu, da bututun roba a bayansa mai zuƙo iska. Ya ce shi a iya saninsa abin magana ba haka yake ba, wannan ya fi kama da abin jin zafi, amma a gwada. Ya mayar da murfin, ya ce a kawo shayi.

Mai shayi ya ruga ya kawo kofi yana tururi. Aka rufe ƙofofi, Alhaji a gaba, Ɗanlami a sitiyari riƙe da kofin a bakin tagar, ni da Baba da Usaini a baya. Bayan ɗan jim iska ta fara ƙaruwa, ta yi ta ƙaruwa har gefen rawanin Alhaji yana kaɗawa. Aka janye kofin. Baba ya aika aka karɓo ƙanƙara a wajen mai zoɓo, aka kara a wurin. A hankali motar ta sassauta, ta koma hura iska kamar mai barci.

Usaini ya ce to ga shi nan, hanci ne. Da shi take shaƙar iskar cikin mota ta ji ko mutane suna cikin zafi ko sanyi, ta san abin da za ta ba su. An toshe shi, sai ta koma jin abin da ke cikin dashbod kawai. Da safe cikin nan da sauran sanyin dare, sai ta ɗauka kowa lafiya. Idan ya sha rana ya gasu, ba ya hucewa da wuri, sai ta ɗauka har yanzu ana ƙonewa, ta yi ta zuba sanyi.

Baba ya buɗe ƙofa ya fito, ya gaya wa jama'a abin da aka gani, bai rage komai ba. Sannan ya juya.

"Alhaji, mu raba. Ido nawa, hanci naka."

"Murar fa, ta wa?"

"Ta hanci ce."

Alhaji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a mayar da rigar, amma a fitar wa motar da idonta. A gaban kowa na ɗora tsohuwar takardar awon, da'irar allin tana nan ba ta goge ba. Na huda kafet ɗin, Baba ya bi bakin hudar da ɗinki kamar ƙofar maɓalli don kada ya zare. Aka shimfiɗa, ɗan idon ya leƙo, fitilu suka zauna lafiya. Kafin azahar direban nan mai matacciyar esi ya matso da motarsa, wai Inna ta duba masa ko tasa ma tana da hanci. Ba ta da shi, ba ta da ido, gilashin gefenta ma da igiya aka ɗaure. Duk da haka ya bar kujerunsa a yi masa. Kafin Salla kafet ɗin nan ya ƙare, sai da aka sake sayowa.

Tun daga ranar Baba ya kafa doka: abin da ba mu san aikinsa ba a mota, ba ma rufewa, ba ma hudawa, sai mun tambaye shi. Yanzu kafin in shimfiɗa takarda sai na sa an tada injin. In bi saman dashbod da tafin hannu ina neman ido, wata motar ɗaya, wata biyu. In zagaya da zare gefen sitiyari, da wajen rediyo, har da rufin sama, domin wata a can take ɓoye hancinta. Wannan ne abin da ƙanwar Asabe za ta fara koya kafin a ba ta almakashi, kuma ba ƙaramin ba.

Alhaji Garba ya dawo bayan Salla, mura ta warke. Ya gaishe da Baba, ya ce ina Inna, akwai ɗan aiki. Ya ce ya yarda hanci ne, ya gani, ba ya musu. Amma mutum bai san iyakar wayon Bature ba, kuma ciniki ciniki ne. Yana so a yi wa tagar 'yar ƙofa ta leda mai maɓalli, ta zauna a buɗe kullum, sai idan zai yi maganar farashi ya rufe. Baba ya ce ai ya san abin da zai biyo baya. Alhaji ya ce ya sani, Ɗanlami ma ya sani.

Ni na yanka ta, na kalmashe bakinta, na sa maɓallin. Har yau tana nan. Idan kuka ga doguwar mota ta fito daga wajen Gwaram da la'asar, a tsakiyar bazara, direban sanye da suwaita har wuya, Alhaji kuma a gefe yana waya ana jin muryarsa ta cikin rufaffen gilashi, to ku sani riɗi ya motsa.